Babi na Shida: Wa Zai Fara Magana?

A shekarar 2012 mutanen Mankosi, wani rukunin ƙauyuka da ke warwatse bisa tuddai a lardin Eastern Cape na Afirka ta Kudu, suka haɗa kai da masu bincike na Jami'ar Western Cape, suka kafa wa kansu hanyar kiran waya. Ba su jira wani kamfani ya zo ya kafa musu dogon ƙarfe ba. Ƙananan akwatuna suka ɗora a wasu gidaje, kowanne da farantin sola da batirinsa. Sunan akwatin Mesh Potato, wanda ƙungiyar Village Telco ta tsara bayan wani taro da aka yi a Cape Town a 2008, kuma wayar tebur irin ta da ake jona masa. Daga wannan yunƙuri ne aka sami ƙungiyar Zenzeleni.

Kowane akwati aiki biyu yake yi. Yana ɗaukar maganar mai gidan da aka ɗora shi, yana kuma karɓar ta maƙwabci ya miƙa ta gaba. Idan gidan farko ba ya hango na biyar, sai maganar ta bi ta na biyu, ta uku, ta huɗu, zango bayan zango, har ta isa. Wannan shi ne tsarin raga: na'urori ne ƙulle-ƙullen, igiyar rediyo ce zaren. In ƙulli ɗaya ya mutu, saƙo ya nemi wata hanya. Arha gare shi, kuma jama'a na iya mallakarsa, shi ya sa ya bazu daga Freifunk ta Jamus zuwa guifi.net da aka fara a Kataloniya a 2004, wadda na'urorinta suka haura 30,000.

Sai dai raga tana da wani rauni da ba a cika faɗa wa masu saye ba. Tana iya sauke maka littafi sukutum ba matsala, amma ka ce za ka yi hira da ɗan'uwanka a kanta, muryarsa ta riƙa yankewa, kana cewa "kana ji na?" yana cewa "me ka ce?" Mafi yawan mutane sai su ɗora laifin a kan ƙarancin gudu. Ba nan take ba. Matsalar ita ce yadda na'urorin ke raba damar yin magana a tsakaninsu.

Saƙon rubutu yana da haƙuri. In ya makara da sakan biyu babu wanda zai sani, in wani ɓangarensa ya ɓace a sake aikowa. Murya ba ta san wannan ba. Wayarka tana yanka maganarka ƙanana-ƙanana, galibi kowane yanki na milisakan 20, wato fakiti 50 ke fita a kowane sakan, wasu 50 kuma na shigowa daga wancan ɓangaren. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta nuna a ƙa'idarta mai lamba G.114 cewa muddin jinkiri daga bakin mai magana zuwa kunnen mai saurare bai wuce milisakan 150 ba, kusan kowa zai yi hira ba tare da ya lura da komai ba. In ya haura 400 kuwa, ba a yarda a tsara hanya a kansa ba, domin mutane za su riƙa katse juna. Kuma ba jinkirin kaɗai ba ne. In wannan fakiti ya iso cikin milisakan 10, na bayansa ya ɗauki 200, dole wayar mai saurare ta riƙa tara su na ɗan lokaci kafin ta sake su a jere. Wanda ya iso bayan lokacinsa ya wuce, zubar da shi ake yi. A wajen murya, makararren fakiti da ɓatacce duk ɗaya ne.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne abin mamakin yake. Tsarin murya na G.711, wanda wayoyin tarho suka daɗe suna aiki da shi, yana cin kilobit 64 a sakan ta kowane ɓangare, kira ɗaya ke nan 128. Wi-Fi na 802.11b da ya fito a 1999 yana da gudun megabit 11. In ka raba, sai ka ce zai ɗauki kira 85 a lokaci guda. A zahiri abin da yake ɗauka bai wuce goma zuwa goma sha biyu ba. Ina sauran suka tafi? Muryar da ke cikin fakiti ɗaya bayit 160 ce, kuma watsa ta a wannan gudu maikirosakan 116 kawai yake ci. Amma kafin a watsa ta, sai na'ura ta saurara na maikirosakan 50, ta yi jiran ƙuri'a na kimanin 310, ta aika gabatarwar da ke daidaita kunnen mai karɓa ta 192, ta ɗora adireshi da sauran bayanan kai. Bayan ta gama kuma sai ta jira amsar "na karɓa", wadda ita ma tana da tata gabatarwar. In ka tara, kowane fakiti yana riƙe tasha kusan milisakan ɗaya. Kira ɗaya fakiti 100 ne a sakan, ya cinye kashi ɗaya cikin goma na lokacin ke nan. To a raga, inda fakitin zai bi zango huɗu a tasha ɗaya, sau huɗu za a biya wannan kuɗin shiga, kira goma ya koma biyu ko uku. Sababbin na'urori sun fi gudu nesa ba kusa ba, amma abin da suka fi gajartawa shi ne lokacin watsa kayan, wanda da ma shi ne ƙarami. A megabit 54 muryar ba ta cin maikirosakan 25, jira da gabatarwa da amsa kuwa suna nan sama da 150.

Asalin wannan jira daga tsibiran Hawai yake. A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawai suka haɗa kwamfutoci da ke tsibirai daban-daban ta rediyo, suka sa wa tsarin suna ALOHA. Dokarsa mai sauƙi ce: duk mai saƙo ya aika, in bai ji amsa ba, an yi karo ke nan, ya ɗan jira ya sake. Lissafi ya nuna cewa ta haka ba a cin moriyar fiye da kashi 18 cikin ɗari na ƙarfin tasha. Lawrence Roberts ya nuna cewa in aka yanka lokaci gida-gida, kowa ya fara a bakin gida, za a ninka zuwa kusan kashi 37. A 1975 Leonard Kleinrock da Fouad Tobagi na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka yi nazarin wata doka da ta fi wannan: saurara kafin ka yi magana. A kanta aka gina Wi-Fi da hukumar IEEE ta fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1997.

Ka ɗauka dattawa ne zaune a zaure da dare, babu fitila, babu mai unguwa da zai ce wane yi magana. Kowa yana sauraro. In mai magana ya yi shiru, masu abin faɗa ba za su buɗe baki tare ba, kowa zai zaɓi wata lamba a ransa ya ƙirga, wanda ya riga kaiwa ƙarshe ya ɗauka, saura su tsayar da ƙirgarsu inda take sai ya gama. In biyu suka fara tare, babu wanda aka ji, sai su sake zaɓar lamba daga fage mafi faɗi. Haka Wi-Fi yake yi. A 802.11b ana jan lambar tsakanin 0 da 31, a 802.11a da g tsakanin 0 da 15, kuma duk karo ɗaya fagen yana ninkawa har ya kai 1023. Tsari ne mai adalci, ba ya buƙatar shugaba, kuma ni ina ganin yana cikin dabarun injiniya mafi kyau na ƙarnin da ya wuce. Amma ba ya yi wa kowa alkawarin lokaci. Wanda ya yi karo sau uku a jere shi ne zai fi kowa daɗewa yana jira, ko da kuwa abin da yake ɗauke da shi muryar mai neman ungozoma ce, na kusa da shi kuma fim yake saukewa.

A cikin ɗaki ɗaya abin da sauƙi, tunda kowa yana jin kowa. A raga ba haka ba ne, kuma da gangan aka yi ta haka, domin da kowa yana jin kowa da ba a buƙaci miƙa saƙo ba. Na'ura ta farko tana jin ta biyu, ta uku ma tana jin ta biyu, amma ta farko da ta uku ba sa jin juna. Kowacce ta saurara ta ji shiru, ta aika, saƙonnin su haɗu a kunnen ta biyu su lalace. Kleinrock da Tobagi sun bayyana wannan matsala ta ɓoyayyar na'ura tun 1975. A 1990 Phil Karn, wani ma'abocin rediyon sa-kai, ya kawo magani: mai aikawa ya fara da gajeren neman izini, mai karɓa ya amsa da ƙarfi yadda duk na kusa da shi za su ji su yi shiru. Wi-Fi ya ɗauki dabarar, tana kuma da amfani ga manyan fakitoci. Ga murya kuwa ba riba, domin neman izinin da amsarsa sun kai fakitin kansa cin lokaci. Ga shi kuma rediyo yana dagula kunnen na'urorin da ke nesa da inda ake iya fahimtar maganarsa, waɗanda ba su ji amsar ba balle su yi mata biyayya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wato kira yana yaƙi da kansa. Fakitin da ke zango na uku yana hana na bayansa da ke zango na biyu motsi, shi kuma yana hana na farko. A 2001 wasu masu bincike na MIT, cikinsu har da Robert Morris, suka auna jerin na'urori da aka jera kamar sarƙa. Lissafinsu ya nuna cewa ko da cikakken tsari, sarƙa mai tsawo ba za ta ba da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin tasha ba. Da dokar Wi-Fi kuwa abin da suka gani ya yi kusa da ɗaya cikin bakwai. Dalili shi ne na'urorin farkon sarƙa ba su da abokan takara da yawa, sai su yi ta turo kaya fiye da abin da na tsakiya za su iya miƙawa, kayan su taru su zube bayan an riga an kashe musu lokaci. Wannan rukuni ne ya gina Roofnet, ragar na'urori talatin da wani abu a kan rufin gidajen Cambridge ta jihar Massachusetts, wadda daga cikinta kamfanin Meraki ya fito, Cisco ta saye shi a 2012 kan dala biliyan 1.2.

Gyara na farko da ya shiga ƙa'ida shi ne fifiko. A 2005 IEEE ta fitar da 802.11e, wanda a jikin na'urori za ka fi ganinsa da sunan WMM. An raba kaya aji huɗu: murya, bidiyo, gama-gari, sai kayan da ba a gaggawarsu. Kowane aji da layinsa a cikin na'ura, da kuma tsawon jiransa. Murya tana jan ƙuri'arta tsakanin 0 da 3, bidiyo 0 da 7, gama-gari 0 da 15. Kafin a fara ƙirga ma, murya gida biyu na lokaci take jira, gama-gari uku, na ƙarshe bakwai. Saboda haka in murya da fayil suka shirya tare, kusan kullum murya ce ke riga. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma duk ragar da ba a kunna mata shi ba an zalunci masu kira a kanta.

Amma fa fifiko ba tabbaci ba ne. Ka duba lambobin nan: 0, 1, 2, 3. Huɗu ne kacal. In na'urori biyar masu ɗauke da murya suka ja ƙuri'a lokaci guda, tilas biyu su faɗa kan lamba ɗaya, tilas su yi karo, kuma fagensu ba ya faɗaɗa ya wuce 7. Abin da ya ba murya saurin shiga shi ne yake kashe ta idan masu kira suka yi yawa. Kuma a raga inda suke yin yawa sananne ne: kusa da mashiga, wato na'urar da ke haɗe da intanet, inda duk kiran gari ke taruwa. Na biyu, fifiko yana aiki ne tsakanin masu jin juna. Ɓoyayyar na'ura da ke tura fim ba ta san akwai wata murya da ya kamata ta ba hanya ba. Na uku ya fi ban takaici domin sakaci ne: sai an yi wa fakiti tambari kafin na'ura ta san ajinsa. Tambarin da aka saba yi wa murya a intanet lamba 46 ce, na'urori da yawa kuma suna duba ɓangaren farko na lambar kawai, sai su jefa ta ajin bidiyo. Sai a 2018 hukumar IETF ta fitar da takarda mai lamba RFC 8325 don daidaita wannan. Wani lokaci ma tambarin yana gogewa a hanya tun kafin fakitin ya iso, ko kuma wata manhaja ta buga wa kayanta tambarin murya alhali ba murya ba ce.

Hanya ta biyu ita ce a bar ƙuri'a, a koma jadawali. Tunda an san kira zai turo fakiti duk bayan milisakan 20, me zai hana a keɓe masa lokacinsa tun da wuri a kowane zango? Wayar salula da ta shigo Nijeriya a 2001 haka take: tsarin GSM yana raba kowace tasha gida takwas, a ba kowane kira gidansa, babu mai taɓa masa har ya gama. Ƙa'idar raga ta 802.11s, wadda aka kammala a 2011 bayan shekaru ana muhawara, ta zo da irin wannan da sunan MCCA. Na'urori biyu su yi yarjejeniya a kan wani lokaci mai maimaituwa, su sanar da maƙwabtansu, maƙwabtan su ma su sanar da nasu, ta yadda ɓoyayyar na'ura za ta sami labari ta bakin wani. A takarda ya magance matsalar. Sai dai an bar shi a matsayin zaɓi, kuma da wuya ka sami na'urar kasuwa da ke aiki da shi. Ba abin mamaki ba ne. Sai agogon na'urori ya zo ɗaya, sai an sake yarjejeniya duk lokacin da hanya ta sauya, kuma wayar baƙo da ba ta san tsarin ba za ta yi magana a tsakiyar lokacin da aka keɓe ba tare da ta karya wata doka ba, tunda tashoshin 2.4 da 5 gigahaz na kowa da kowa ne.

Inda jadawali ya yi nasara ƙarara shi ne hanyoyi masu nisa, kuma labarin ya fi shafar karkara irin tamu. Igiyar rediyo tana cin mita 300 a maikirosakan ɗaya. Gidan lokaci na Wi-Fi na zamani maikirosakan 9 ne, bai kai tafiyar kilomita uku ba. Tsakanin garuruwa biyu masu nisan kilomita 30, sai bayan maikirosakan 100 wancan ɓangare zai ji an fara magana. Ya saurara ya ji shiru, alhali saƙo yana kan hanya. Dokar saurare ta rushe ke nan. A Indiya, Bhaskaran Raman da Kameswari Chebrolu suka yi aiki a kan hanyoyin karkara da ke kewayen Kanpur, suka fitar da tsarin 2P a 2005: hasumiya ta yi magana ta duk eriyoyinta lokaci guda, sannan ta yi shiru ta saurara ta dukkansu lokaci guda. A Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, rukunin Eric Brewer ya gina WiLDNet a kan karɓa-karɓar lokaci, aka kuma yi amfani da aikinsu wajen haɗa asibitin ido na Aravind da ke Theni a jihar Tamil Nadu da ƙananan cibiyoyinsa na ƙauye. Likita yana zaune a asibiti yana ganawa da marar lafiya ta bidiyo, talaka bai bar gonarsa ya yi tafiyar yini ba sai in aiki ya kama. A 2007 Ermanno Pietrosemoli ya haɗa duwatsu biyu a ƙasar Benezuwela masu nisan kilomita 382 da kayan Wi-Fi. Yau wannan tunani ya zama kayan kasuwa: airMAX na Ubiquiti da Nv2 na MikroTik, waɗanda masu sayar da intanet ke ɗorawa a kan ƙarafa a biranenmu, duk jadawalin lokaci suke bi. A masana'antu ma, inda makarar saƙon na'urar auna zafi ke iya jawo asara, ragar WirelessHART da ta fito a 2007 gidaje na milisakan 10 take rabawa, tana kuma sauya tasha daga gida zuwa gida.

Jadawali ma yana da nasa kuɗin. Mai kira kusan rabin lokacinsa saurare yake yi, in ba a yi dabara ba gidansa ya tafi a banza. Tsarin kowane kamfani kuma nasa ne shi kaɗai, na wannan ba ya magana da na wancan, don haka al'ummar da ta fara da kayan kamfani ɗaya ta ɗaure kanta da shi. Kuma ya fi dacewa da wurin da akwai shugaba guda mai raba lokaci, abin da raga tsantsa ba ta da shi. Shi ya sa ragogin da suka daɗe suna aiki da yawansu gauraye ne: ƙashin baya na eriyoyi masu fuskantar juna a 5 gigahaz, sannan Wi-Fi na yau da kullum a unguwa. Sanya rediyo biyu ko uku a na'ura ɗaya, kowanne a tasharsa, yana raba kira da yaƙin da yake yi da kansa. A 2.4 gigahaz dai tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11.

Akwai wani gyara da ya zo daga baya, ba daga kwamitin ƙa'ida ba, daga masu rubuta manhaja kyauta. Tun 2003 masu bincike a Grenoble ta Faransa suka nuna cewa Wi-Fi yana raba dama ne da adadin fakiti, ba da tsawon lokaci ba, saboda haka na'ura ɗaya mai raunin sigina, da ke magana a megabit 1, tana janyo kowa ƙasa zuwa kusa da gudunta. A 2010 kuma Jim Gettys ya ja hankalin duniya ga wata cuta: na'urori suna da rumbun jira mai girman gaske, sai babban fayil ya cika shi, fakitin murya ya tsaya a bayan ɗaruruwa, jinkiri ya kai sakan guda ko fiye. Daga aikin Kathleen Nichols da Van Jacobson na 2012 aka sami tsarin fq_codel, sannan Toke Høiland-Jørgensen da abokansa suka shigar da irinsa cikin sashen Wi-Fi na Linux, suka haɗa da rabon lokaci daidai tsakanin na'urori, suka bayyana sakamakon a 2017. Abin da ya burge ni a nan shi ne ba ya dogara da tambari. Kowace hira da layinta, wadda kuma ba ta tara kaya a layi ita ake fara sallama. Murya ƙarama ce, ba ta taruwa, sai ta wuce gaba da halinta, ba da abin da ta ce game da kanta ba. Mai na'urar da ke aiki da manhajar OpenWrt yana iya samun wannan ba tare da ya sayi komai ba.

Duk waɗannan dabaru suna ƙara yawan kiran da raga za ta ɗauka, amma babu wadda ta cire iyaka. In raga tana iya ɗaukar kira shida, na bakwai ya shigo, ba shi kaɗai zai sha wahala ba. Layuka za su cika, karo ya yawaita, duka bakwai ɗin su lalace tare. Masu tarho sun san wannan tun zamanin A. K. Erlang, injiniyan kamfanin tarho na Kopenhagen, wanda ya fitar da lissafinsa na toshewar layi a 1917. Amsarsu ita ce a hana na bakwai shiga. Ranar sallah da kake bugawa ana ce maka layi a cushe yake, wannan hukuncin ne ke aiki, kuma albarkacinsa waɗanda suka samu shiga suke jin juna. 802.11e ya tanadi hanyar da waya za ta nemi izini kafin ta fara kira, amma a raga dole a tambayi kowane zango da maƙwabtansa, kuma kiran WhatsApp ba ya neman izinin kowa. Duk da wahalar, ra'ayina a nan ba ya rawa: ragar da za ta ce wa mutum "dakata, a cike nake" ta fi mutunta jama'a a kan wadda za ta karɓi kowa ta ɓata wa kowa. Inda kuwa ba za a iya hana shiga ba, to a rage wa manyan kaya gudu tun daga mashiga, a bar wa murya fili da gangan.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. Gidauniyar Fantsuam ta kafa hanyar sadarwar al'umma ta Zittnet a Kafanchan tun shekarun 2000, cibiyar CITAD ta Kano kuma tana horar da matasa kan kafa irin waɗannan hanyoyi a garuruwan da kamfanoni ba su kai ba. A irin waɗannan wurare mutane da yawa da baki suke sadarwa, ba da rubutu ba: tsohuwa mai son jin muryar ɗanta, manomi mai tambayar farashi, ma'aikaciyar ƙaramin asibiti mai neman shawarar likita. Ragar da ta iya sauke bidiyo amma ta kasa ɗaukar muryarsu ba ta yi musu aikin da suka tara kuɗi dominsa ba.

Don haka ku shugabannin ƙungiyoyi da masu unguwanni da za a kawo wa irin wannan aiki, kada ku tsaya a kan yawan megabit da aka rubuta a kwali. Ku tambayi mai haɗawa zango nawa ne tsakanin gida mafi nisa da mashiga, ko ƙashin bayan yana tasha dabam da ta wayoyin jama'a, da kuma abin da zai faru idan kira ya yi yawa. Kafin ku biya kuɗin ƙarshe, ku je gidan da ya fi kowane nisa da yamma lokacin da kowa ke kan waya, ku sa yara uku su kama sauke bidiyo, sannan ku buga kira ku yi hira ta minti biyar. In muryar ta yanke, a gyara kafin a sa hannu.